Igiyar Gadon Halliru

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga Shehu Ƙasimu ɗan Abdulƙadiri, shugaban Takari, wato mutanenmu na ƙasar Hausa da Barno mazamna birnin Musawwa bakin Bahar Maliya, wanda alƙalai ka miƙewa in ya shigo, zuwa ga Malam Lawwali na Wurno, mai makarantar allo ta gindin tsamiya.

Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci. Ina gaishe ka gaisuwar malami ga malami, ko da yake na hi ka littattahai da kayan raƙumi bakwai. Ina lahiyarka, ina iyali, ina makaranta? Yaya gulbi bana, ya ci hwadama ko ya bar muku albasa? Ina gwiwar nan taka ta hagu? Kada ka yi mamakin yadda nis san da ita, mu manya ana kawo muna labarin kowa.

Bayan haka, na rubuto da ajami ba don Larabci ya gagare ni ba. So nika yi in kana karantawa ɗiyarka Ma'u ta ji da kunnenta, surukarta Inno ma ta ji, ba sai an hwassara musu ba. Ka zamnar da su kahin ka hwara.

Mutum biyu na garinku sun sauka hannuna wata huɗu da sunka wuce: Halliru mijin Ma'u, da ƙanenai Zayyanu, wanda yay yi karatu gabanka har yak kai inda yak kai. Shekara uku suna bisa hanyar Makka, su yi noma nan, su yi dako can, har Allah yak kawo su bakin teku suna jiran jirgin Jidda. Halliru ka san shi, magana ɗaya da sahe, ɗaya da marece, saura barci. Zayyanu kuwa samrayi na dogo, kyakkyawa, mai natsuwa, in ya bi kasuwa 'yan matan Habasha har tuntuɓe suka yi. Aibinai guda, ba ya barin yayanai barci. Mutanen nan suna da wani gado na saƙar igiya mai ƙahwa huɗu. Sai yaron ga ya ɗamra igiya ga ƙahwar gadon, ya laɓe waje, in Halliru ya hwara minshari ya ja. Ni ban ga laihi ba. Mai barci har la'asar ai taimako na anka yi mai.

Za ka ce mi yah hana yaron ya rubuto da kainai. Ya ba ni labarin kada. Wata damina gulbin Rima ya cika, Halliru ya ƙetara gona, shi kuwa yat tsoma hular Halliru ga ruwa, yas shigo gida da ita shina kuka, yac ce ma Ma'u kada ya ja mijinta. Tay yada taɓarya tak kurma ihu, Inno tas some, unguwa tac cika gidan, har anka aika Rabah a hwaɗa ma dangi. Sai ga Halliru da kihi uku ga hannu shina tambaya wa yam mutu. Ran nan, in ji shi, kar rantse gaban jama'a: ko ruwa na dukan rumhwarka, in dai Zayyanu na yac ce ana ruwa, sai ka hita ka dibi sama. Ban ce ka yi kuskure ba. Amma abin da ka cikin takardag ga dole a yarda da shi, don zaman ɗiyarka gare shi ya rataya. Shi yas sa ni, da girmana da rawanina, niɗ ɗauki alƙalami.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, bayan azahar, ƙasa tay yi motsi.

Babu hadari, babu iska, rana na ƙuna. Da hwari wani rugugi anka ji ƙarƙashin ƙahwa, awa matan Wurno duka sun taru suna daka cikin rijiya guda. Raƙuma sunka miƙe suna tsinke ɗamri. Sannan ƙasa taz zama jirgi. Ka san yadda jirgin hito ka yi in ƙato ya taka baki guda? To haka, sai dai wanga babu gaci. Yaron ya hita ɗibar ruwa, shina dawowa da tulu bisa kai. Yac ce ya kai hannu ya dahe bango, bango yaj janye. Yak kama itace, itace na rawa. Yad durƙusa yad dahe ƙasa da hannu biyu, ita ma ba ta tsaye.

Malam, can gida komi na da maganinai. Gulbi ya taso, a hau tudu. Mahara su zo, a ruhe ƙohwa a hau ganuwa. Hwara ta sauka ga gero, a kama ta a soya. Wanga abu ina za ka gudu ka bar shi? Duk inda kas sa ƙahwa shi na. Mutanen gari na gudu suna kiran sunanta, zalzala. Yaron ya san kalmar, ga allo yag gan ta, yac ce sau uku kad doke shi kanta. Amma shi ya ɗauka ajiyar ranar ƙarshe ta, bai san ana ɗanɗana ma mutane ita tun duniya ba. Yac ce ya ɗaga kai ya ga ko sama ta tsage, sai yag ga shirwa na yawonta awa ba a komi.

Gidajen garin ga na dutsen teku na, soro bisa soro. Bukkokin Takari kuwa na ciyawa na, can bayan gari, ba wadda tak kashe ko kaza. Sai dai Halliru ya kwana biyar da zazzaɓi, wani attajiri da suka yi ma dako ya tausaya mai, yab ba shi ɗakin ajiya na dutse ya kwanta ciki don sanyi. Ɗakin nan ya hwaɗi. Halliru na ciki.

An hidda shi da rai. Ka hwaɗa musu haka tukuna, da rai anka hidda shi. Tawada ta ƙare, almajiraina ɗari uku kuwa duk sun watse, sai na dama wata.

Ka gaishe da duk wanda ya isa in gaishe shi. Wassalam.

Shehu Ƙasimu, shugaban Takari.

*

Zuwa ga Malam Lawwali kuma.

Gaisuwa da hwatan alheri. Ina kwana, ina gajiyar karatu? Allah ya sa Inno ta ci abinci.

Tawada ba ta ƙare ba jiya. Hannuna na yaƙ ƙi.

Da ƙura tal lahwa, yaron yaz zo inda ɗakin yake, yat tarar da tudu. Yan nemi hauya. Wurno wane gida na babu hauya? Nan masunta na da 'yan kasuwa, ko magirbi guda bai samu ba. Da hannu yah hwara tono. Shina kiran mutane da Hausa, ba mai ji, ɗan Larabcin da yat tsinta bisa hanya duk ya zube tare da tulun. Kuma kowa na bisa nashi tudu shina kiran nashi suna. Sai wasu mata biyu 'yan Barno da wani tsoho Bahabashe sunka zo sunka sa hannu, ba wanda ka jin bakin wani.

Sun ɗauke dutse ya kai rabi sai ƙasa tas sake motsi. Duk sunka gudu. Ba ni ɓoye maka, har yaron ya gudu. Da sunka dawo, abin da sunka ɗebe ya koma, da ƙari. Haka sau biyu. Rana ta yi ja kahin su ji tari. Azara ta tat tare dutse ga kan Halliru, ita kuma tad danne mai ƙugu. Sunka jawo shi. Abin da yah hwara tambaya, wa yak kwashe mai ƙahwahu. Suna nan jikinai, ko ƙwarzane babu, shi ɗai na bai jin su.

Yaron ya bi gari shina neman maɗori. Da gida na, da an aza shi ga jaki an kai shi Gandi, ka san tsohon nan da ka ɗora ƙashi shina cin goro. Nan wanda anka nuna mai shi ma ana tonon shi. Yad dawo hannu biyu. Babu allo, sai yas samu ɓallin katakon jirgi yar rubuta abin da ya iya, yaw wanke yab ba Halliru yas sha. Abin da ya iya kuwa kai kas san yawanai. Yac ce ran nan ya yi da-na-sanin duk yinin da yab bar makaranta yat tahi kamun kurciya.

Kwana uku sunka yi hili, ƙarƙashin tsohon ƙyallen jirgi da anka kahwa a kan sanduna. Ba mai kusantar bango. Ƙasa ba ta bari ba, ta yi shiru har ka manta, sai ta motsa awa jaki in ƙuda ya sauka mai. Mutum na sujada sai ya ji ta tana rawa ƙarƙashin goshinai. Yaron ba abin da shika yi sai korar ƙuda, da jiƙa tsumma, da juya shi in ya ce a juya shi. Ruwan rijiya ma ya gurɓace, sai an tace da bakin riga.

Ranar Juma'a, sha huɗu ga Rajab, da hantsi, Halliru ya cika. Da kalmar shahada ga bakinai, wannan ka hwaɗa ma Inno sau biyu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Wani dattijo ɗan Barno yan nuna ma yaron yadda aka wanka, don bai taɓa yi ba. Likkahwani bai samu ba cikin gari, mutuwa ta yi yawa. Sai anka kwance ƙunshin Halliru anka hiddo haraminai, hwarin zanen nan da Inno tak kaɗa zarenai da hannunta damina biyu, wanda yaɗ ɗauko tun daga Wurno bai yarda ko ƙura ta taɓa shi ba. Ciki anka naɗe shi. Ka ce mata bai sa shi Makka ba, amma ya sa shi. Mutum bakwai sunka yi mai salla. Kabarin na bisa tudun yashi, in ka tsaya gare shi kana ganin ruwan da za a ƙetara.

Maganar takaba, ko daga ranar rasuwa aka ƙirga, ko daga ranar da takarda ta iso, na san amsar sarai, na dai bar maka don girmamawa. Abin da nika roƙo guda na. Kada Ma'u ta zama Kaltume ta Giyawa, wadda tay yi shekara goma sha tara tana share ɗakin mijin da yat tahi gabas, ita ba matar amre ba, ita ba bazawara ba, har hurhura tac cim mata. Labarinta ya kawo har nan. Kada kuma Inno ta ci gaba da hita bakin ƙohwa duk sadda anka ce ga ayari.

Mai kawo takardun ga Alhaji Mode na, mutumin Goronyo, shina komawa gida. Kwana tara bayan abin yas sauko daga jirgin Jidda. Ya ga garin a rushe, wannan za shi hwaɗa muku. Amma bai san Halliru ba, tudun yashi ɗai anka nuna mai. Don haka shaidatai ba ta isa, sai an haɗa da tawa. Jibi ayarinsu ka tashi.

Allah ya ba mu haƙuri. Wassalam.

Shehu Ƙasimu.

*

Zuwa ga Ma'u ɗiyar Malam, uwar Kulu.

Gaisuwa da ta'aziyya. Ina lahiyarki, ina haƙuri? Ina Kulu? An ce rarrahe taka yi sadda sunka taso, yanzu ta isa aike. Ina tuwonki, har yau da gudajin nan da ka kashe kare in an jehe shi, ko kin gyara? Ki yi haƙuri, ban san yadda aka gaishe ki ba sai haka.

Akwai abin da ban sa cikin takardun Malam ba, ke kic cancanci ki ji shi.

Za ki ce, mutane sun gudu sun hita daga gidajensu, mi yah hana Halliru? Zazzaɓin ya sauka tun sahe. Shina iya tashi. Daga gado zuwa ƙohwa taki huɗu na.

Ran nan da sahe yaron ya ja igiyar gadon sau biyu. Ba da mugunta ba, ya ga ciwo ya kwantar da yayanai, so shika yi ya ji dariyatai. Na hwari Halliru yay yi tsaki. Na biyu yay yi dariyar, yac ce in an ƙara ko ido ba ya buɗewa. Bayan azahar yaron yaɗ ɗauki tulu yah hita, yab bar igiyar ɗamre.

Sadda ƙasa tat tashi, saura taki shida ya kai ƙohwa. Shina durƙushe shina ganin dutsen bisa ƙohwa na tsagewa, yashi na zuba. Yak kwala kira, Yaya hito, ƙasa ka motsi. Daga ciki anka amsa, da muryar barci, ana dariya: saki igiyar, ja'iri. Nic ce wallahi ba ni na ba. Yac ce, yaushe kat taɓa cewa kai na?

Nis sake kira. Nir rantse da Allah, nir rantse da kabarin Baba, nir rantse da Makkar da za mu. Ina jin shi shina gyara kwanciya. Ma'u, da wani na yak kira shi, ko yaron da bai iya magana ba, da ya hito. Duk garin nan babu bakin da Halliru ba ya tashi dominai sai nawa.

Kuma ban shiga ba. Akwai lokaci, ya kai a karanta hwatiha guda a shahwa. Da na tashi na ruga na kamo hannunai, wataƙila da mun hito, wataƙila da an tono mu tare. Ban tashi ba. Na riƙe ƙasa da hannu biyu ina ihu awa wanda ka hana ta gudu. Sannan bango yaz zamna.

Na ga na rubuta ni inda ya kamata in rubuta yaron. Ba ni gogewa, takarda ta yi tsada garin ga, kuma na gaji.

Cikin kwana ukun nan ban iya diban huskatai ba. Ran na biyu yak kama mani hannu, yac ce, ashe da gaske kaka yi. Yay yi dariya har ciwo yat tsai da shi. Nic ce ya yahe mani. Yac ce mi za ya yahe, wanga karon mai jan igiyar ya hi ni hannu. Ya hwaɗi haka don in samu sauƙi. Ban samu ba. Tun ran nan ƙasa nika kwana, in na ga gado sai in kewaye.

Shi da kainai yac ce ba ki yarda. Yac ce in na aiko muku da labari, Malam za ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin buzu, ke kuma ki ce ɗan banzan nan ya ƙetare ƙasa bakwai bai bar hali ba, ki ci gaba da jira. Wannan yah hi ciwon damun shi. Sai yac ce in matso da kunne, za ya ba ni abin da ba wanda yas sani sai shi da ke.

Yac ce ranar kada, bayan mutane sun watse, an kai Inno ɗaki, kina zamne bayan rumbu kina gyaran kihin nan uku, idonki ya kumbura. Yaz zo yat tsuguna gabanki. Ba ki ɗaga kai ba kic ce mai, na gama kukan mutuwarka yau, ran da kam mutu da gaske ko ɗigo ba ka samu. Shi kuwa yac ce, to Allah ya sa ki riga ni, in ga wa za ya gyara kihi. Kij jehe shi da kan kihi, yas same shi ga kunne.

Yac ce in hwaɗa maki ki cika maganarki. Yar ruhe ido, har na ɗauka ya yi barci. Sannan yac ce a'a, ka ce mata na sake ta daga maganar, ta yi kaɗan ba laihi, amma kada ya kai na ran nan, unguwa ta ji sau ɗaya ya isa. In ta gama ta wanke ido ta yi amre. Kulu kuma a sa ta makaranta gaban kakanta, kada a bari ta biyo halin bappanta.

Wagga magana ni anka ba. Na kwana biyu ina neman yadda za ni sa ta bakin Shehu Ƙasimu, ta ƙi shiga. Ba ni iya ɗaukar maganar Yaya ta ƙarshe in ba mutumin da ba a haiha ba. Babu Shehu Ƙasimu. Babu raƙumi bakwai, babu almajiri ɗari uku, rawani kuwa ko na aro babu. Babban Takari na nan dattijon nan na ɗan Barno da yat taya ni wanka, bai iya rubuta Hausa ba, ɗiyatai ma na cikin waɗanda anka rasa, ban iya tsayawa gabanai da buƙata ba. 'Yan matan Habasha kuma ba wadda tat taɓa tuntuɓe. Na ga ba ni da shaida, sai nis sassaƙa guda. Na san wauta ta. Harahin kaf lasan ɗina mai karyayyen wuya ma ya isa ya tona ni tun layin hwari, shekara huɗu ana dukana kainai bai miƙe ba.

Ban san abin da za ni yi ba. Jirgi na tashi bayan kwana goma. Haramina na nan cikin ƙunshi. In na dibi ruwa in ji ba ni iya ƙetarawa in bar shi bisa tudun nan shi ɗai, in na dibi yamma in ji ba ni iya shiga Wurno in Inno ta dibi bayana ta ga ba kowa. Ku ce mata ina gaishe ta. Ban rubuta mata ba don ban san kalmar hwarawa ba.

Malam, na san kai ka karantawa, na kuma san tun ɗazu kana son ninke takardag ga. Ba ni da wata dabara, duk sun ƙare. Ka rantse in nic ce ana ruwa sai ka hita ka dibi sama. Ba sai ka hita ba. Ka ɗaga kai ka dibi huskar Ma'u. In ta san maganar kan kihin nan, to ana ruwa.

Wassalam.

Ni na, Zayyanu ɗan Inno, ƙanen Halliru, wanda yaj jiƙa hular.